Awa nawa ya kamata yaro ya yi yana atisayen ƙwallo, kuma wa ke riƙe da usur ɗin?

Duk lokacin da aka ji wani matashi daga Najeriya ya sa hannu a kwantiragi da wata ƙungiyar Turai, sai filayen unguwanni su ƙara cika. A Kano da Kaduna da Jos da Bauchi, da wuya ka zaga unguwa ba ka ga allon wata akadamin ƙwallo ba, wata mai rajista, wata kuwa koci ɗaya ne da ƙwallaye biyu da usur. Daga nan gardama ke tashi a gidaje. Uba na cewa ƙwallo ta cinye karatun yaro, koci na cewa in ba a yi tirenin safe da yamma ba babu inda za a je, yaron kuma yana tsakiya, gwiwa na masa ciwo yana ɓoyewa don kada a ajiye shi a benci.

Tambayoyin biyu ne, amma a haɗe suke. Nawa ne lokacin atisayen da jikin yaro zai ɗauka ya amfana? Kuma wanda ke ba da atisayen, ina ya koyi aikin, da me yake cin abinci? Yawancin masu gardama ta farkon kawai suke kallo, alhali amsarta tana hannun ta biyun.

Inda maganar “yawan awanni” ta samo asali

Akwai maganar da ta yaɗu a duniyar wasanni cewa sai mutum ya yi atisaye na awa 10,000 kafin ya gwanance. Asalinta wani bincike ne na 1993 da aka yi a kan masu koyon kiɗa a birnin Berlin na Jamus, ba a kan 'yan ƙwallo ba, kuma adadin matsakaici ne na wasu ɗalibai, ba doka ba. Kayan kiɗa ba sa bugun ƙwauri. Yaron da ke gudu da tsalle da juyi a kan busasshiyar ƙasa yana da iyakar da jikinsa ke gindaya masa.

Likitocin yara da masana wasanni sun daɗe da fitar da ƙa'idoji masu sauƙin riƙewa. Ta farko: jimillar awannin atisaye da wasa na tsari a mako kada ta wuce adadin shekarun yaro. Ɗan shekara 10, kada ya wuce awa 10, kuma wannan iyaka ce, ba abin da ake so a kai ba. Ta biyu: a bar masa aƙalla kwana ɗaya ko biyu a mako babu atisaye. Ta uku: a shekara ya sami hutun da ya kai wata biyu zuwa uku daga wannan wasa ɗaya, ko da a rarrabe ne, ya yi wani abin daban kamar gudu ko iyo ko ƙwallon kwando ko langa. Ta huɗu: in za a ƙara nauyi, a ƙara kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 a mako.

A aikace, ga tsarin da ya dace da mafi yawan yara. 'Yan ƙasa da shekara 9, zuwa fili sau biyu ko uku a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya. Daga 9 zuwa 12, sau uku da wasa ɗaya a ƙarshen mako, kowanne awa ɗaya ko da kwata. Daga 13 zuwa 15, sau uku zuwa huɗu, minti 75 zuwa 90. Sai daga shekara 16 ne ake maganar sau huɗu ko biyar. Tirenin sau biyu a rana ga ɗan shekara 12 ba shi da gurbi a wannan lissafi.

Wannan bai shafi ƙwallon da yara ke bugawa a layi don nishaɗi ba. Wannan ma so ake ta yi yawa, domin a nan yaro ke koyon yanka da dabara ba tare da tsoron tsawa ba, kuma in ya gaji da kansa yake tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Abin da ake ƙayyadewa shi ne atisayen da babba ke tsaye a kai yana cewa “ƙara”.

Abin da ke faruwa a jikin yaro mai tasowa

Ƙashin yaro bai gama ƙwari ba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwa akwai wani yanki na guringuntsi da tsawo ke fitowa daga gare shi, kuma ya fi jijiyoyin da ke jan sa rauni. Lokacin da tsawo ke zuwa da sauri, wajen shekara 11 zuwa 12 ga mata, 13 zuwa 14 ga maza, ƙashi kan riga tsoka tsawo, sai jijiya ta ɗaure tana jan wurin da ta maƙale.

Wurare biyu ne suka fi nuna haka. Na ɗaya, ɗan tudun nan da ke ƙasa da ƙoƙon gwiwa, a saman ƙwauri: ya kumbura, in an danna yaro ya janye ƙafa, kuma ciwon ya ƙaru bayan gudu ko tsugunno. Na biyu, bayan dunduniya inda agara ta kama, wanda ya fi samun 'yan shekara 8 zuwa 13, musamman masu buga ƙwallo da but mai tsini a kan ƙasa mai tauri irin ta lokacin hunturu. Duka biyun ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba, don haka kai yaro a ja masa ƙafa ko a murza wurin da ƙarfi ƙara masa ciwo kawai yake yi. Maganinsu rage gudu da tsalle na wasu makonni, sa ƙanƙara a ƙyalle na minti 15 bayan wasa, da miƙe tsokar cinya da ta sha-raɓa a hankali. In yaro na ɗingishi, ko ciwon na tashe shi da dare, ko gaɓa ta kumbura, asibiti za a je.

A wannan tsakanin ne kuma yaron da a bara ƙwallo ke manne da ƙafarsa zai koma kamar bai taɓa buga ta ba. Ƙafafu sun yi tsawo, ƙwaƙwalwa ba ta gama sabawa da sabon jikin ba. Kocin da bai san wannan ba sai ya ce yaro ya lalace ko ya fara girman kai, ya ƙara masa zagayen fili, a daidai lokacin da ya kamata a rage. Kocin da ya sani yakan jingina yaran da bango duk bayan wata uku ya auna tsawonsu ya rubuta a littafi. Wanda ya ga yana harbawa da sauri, sai ya rage masa gudu ya ƙara masa aikin ƙwallo.

Sai maganar kai. Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai tun 2015, Ingila ma ta fara cire shi daga wasannin ƙananan yara. Yaron da ya yi karo ya ji jiri ko ya rikice ko ya yi amai, ya gama wasa a ranar, ko da wasan ƙarshe ne na cin kofi.

Awa biyu a fili, minti nawa da ƙwallo?

Nan ne hasarar ta fi yawa, kuma ba a ganin ta. Duba yadda atisaye ke gudana a filaye da yawa: a fara da zagayen fili goma, a jera yara 30 a layi ɗaya kowa na jiran ya buga ƙwallo sau ɗaya ya koma baya, koci ya yi dogon jawabi, sannan a raba sha ɗaya-sha ɗaya a babban fili har magariba. A wasan manya na minti 90, lokacin da ƙwallo ke yawo a fili bai cika wuce awa ɗaya ba. Raba wannan ga mutum 22, kowa bai kai minti uku da ƙwallo ba. Ga ƙaramin yaro a babban fili abin ya fi haka muni, domin masu ƙarfin jiki biyu ko uku ne ke riƙe wasan, saura kuwa gudu kawai suke yi.

Da a raba filin nan gida huɗu da duwatsu ko takalma, a buga huɗu-huɗu ko biyar-biyar, da kowane yaro ya taɓa ƙwallo ninkin-ba-ninkin, ya kai hari, ya tare, ya yanke shawara sau da yawa a cikin minti ɗaya. Ƙarfin numfashin da ake nema da zagayen fili ma a nan zai samu. Abin da wannan ke buƙata ƙwallaye ne. Ƙungiyar da ke da kuɗin ɗinka riga kala biyu amma ƙwallonta uku ta juya lissafi: aƙalla kowane yara biyu su sami ƙwallo ɗaya, kuma daidai da shekarunsu, lamba 3 ga 'yan ƙasa da 8, lamba 4 har zuwa 12, lamba 5 daga 13.

Atisayen minti 90 na 'yan 13 zuwa 15 zai iya tafiya haka: minti 20 na ɗumama jiki, minti 20 na tarbar ƙwallo da miƙa ta da ƙafa biyun, minti 25 na ƙananan wasanni masu sharaɗi, misali ba a taɓa ƙwallo fiye da sau biyu, minti 20 na wasa sake, sauran a sassauta jiki. Game da ɗumama jikin, hukumar FIFA tana da tsarin da ake kira 11+, na kusan minti 20, wanda ya haɗa gudu da ƙarfafa cinya da ciki da koyon dira bayan tsalle. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye in ana yin sa aƙalla sau biyu a mako. Ba ya buƙatar kayan aiki, kuma ga 'yan mata amfaninsa ya fi yawa, saboda jijiyar cikin gwiwa ta fi saurin tsinkewa a wurinsu.

Zafi, Islamiyya da azumi

Jadawalin da aka rubuta a Turai ba zai zauna daidai a Sakkwato ko Maiduguri ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma da ƙarfe huɗu na yamma ƙasa ba ta huce ba. Yara ba su cika cewa suna jin ƙishirwa ba sai abin ya yi nisa. Ƙa'idar ita ce a tsaya shan ruwa duk minti 15 zuwa 20, ɗan shekara 9 zuwa 12 ya sha kamar rabin ledar fiya wata a kowane tsayawa, manyansu su fi haka. Hana ruwa da sunan horo ko “gina juriya” jahilci ne mai iya kisa. Yaron da ya fara tangaɗi ko surutai a rana, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita tun kafin a sami abin hawa zuwa asibiti.

Sannan ga lokaci. Yaro ya tashi daga boko da ƙarfe biyu, Islamiyya daga la'asar zuwa dab da magariba, wato daidai lokacin da fili ke yin daɗi. Koci da malam suna jan yaro ɗaya, kuma galibi ba su taɓa zama sun yi magana ba. Amma lissafin da ke sama ya nuna babu dalilin rigimar. Yawancin Islamiyyu suna hutun Alhamis da Juma'a, ga safiyar Asabar ko Lahadi a inda jadawali ya ba da dama. Kwana ukun da ɗan shekara 12 ke buƙata ke nan sun cika ba a taɓa karatu ba. Abin da ba a so shi ne a biya bashin lokaci da barci: ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne tsoka ke gyaruwa.

Da azumi, ga waɗanda suka kai yi, a rage tsawo da nauyi. Ko dai atisaye mara gudu na minti 45 dab da shan ruwa, ko a bari sai bayan an sha ruwa in akwai haske a filin.

Yadda ake zama koci

Buga ƙwallo daban, koyar da ita daban, koyar da yara kuma wani fanni ne na uku. Tsohon ɗan wasa yana zuwa da ido da kwarjini, amma abin da ya sani shi ne atisayen da aka ba shi yana babba, shi zai sauke wa 'yan shekara 11 in ba a koya masa wani ba.

Hanyar da aka tsara a Afirka ita ce lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta nahiyar, wanda hukumar ƙwallon kowace ƙasa ke shirya kwas ɗinsa, NFF a Najeriya, FENIFOOT a Nijar. Matakan daga ƙasa su ne D, C, B, A, sannan Pro. Lasisin D na masu aiki da yara da ƙungiyoyin unguwa ne, ana hawa sama bayan an yi aiki na wani lokaci da wanda ake da shi, kuma CAF na neman lasisin A ko sama ga babban kocin ƙungiyar da ke buga gasanninta na nahiya. Ban da wannan akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974, da sassan koyar da ilimin motsa jiki da lafiya a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Wanda ya haɗa takardar koyarwa da lasisi ya fi kowa tsayuwa da ƙafarsa, domin yana iya riƙe aikin malamin wasanni a makaranta mai albashi yana horarwa da yamma. Sana'ar kuma ba kujerar babban koci kaɗai ba ce: akwai mai horar da masu tsaron raga, da mai kula da ƙarfin jiki, da mai nazarin wasa ta bidiyo, wanda a yau waya da kwamfuta sun ishe shi farawa.

Kocin gida ya nuna iyawarsa. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, duk a hannun 'yan ƙasa, ciki har da Manu Garba a 2013. Stephen Keshi ya ɗauko kofin Afirka a 2013. Amma sana'ar ba ta da tabbas ko a sama: Shuaibu Amodu ya kai Super Eagles gasar kofin duniya ta 2002 da ta 2010, kuma duka biyun an sauke shi kafin a je. In haka ake yi wa na sama, sai a auna halin wanda ke horar da yara a filin makarantar firamare, babu albashi, shi ke sayen ƙwallo, shi ke biyan kuɗin mota ranar wasa.

Me ya sa koci ke matsa wa yara?

Ba mugunta ba ce a mafi yawan lokuta. Kocin unguwa hanyoyi biyu yake gani na fita daga wahala: ya ci kofi sunansa ya fito, ko ya sayar da ɗan wasa. Duka biyun gaggawa suke so. Mai neman kofin bana zai zaɓi yaran da suka riga sa'o'insu girma ya bar ƙaramin mai basira a benci, zai sa mai ciwon gwiwa ya buga, kuma daga nan zuwa rage shekaru taku ɗaya ne. Tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets, wato ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, suka faɗi wannan gwaji dab da wasan share fage, Nijar kuma ta fitar da Najeriya mai riƙe da kofin duniya a lokacin. Wanda ya fi cutuwa da rage shekaru shi ne ɗan 15 na gaskiya, da ake haɗa shi da ɗan 20 a ce ya yi irin atisayensa.

Abin takaicin shi ne dokar FIFA ta tanadi lada ga mai haƙuri, kocin unguwa da yawa ne ba su san ta ba. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na kuɗin cinikin, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 zuwa 17 tana da kashi 2 ke nan: in an sayar da shi yuro miliyan 10, rabonta yuro 200,000, kuma haka za ta sake samu a duk cinikin ƙasa da ƙasa da ya biyo baya. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista a hukumar ƙwallo, yaron kuma an yi masa rajista da sunanta a waɗannan shekaru, da ainihin ranar haihuwarsa. Tun 2022 wata cibiyar FIFA ce ke bin rajistar ta kwamfuta tana tura kuɗin. Kocin da ya yi shekara shida yana wahala da yaro babu takarda, ba ya cikin lissafi.

Dokar ta kuma hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙayyadaddu. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, amma sai da ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Akara, ya shiga akadamin Right to Dream yana ɗan shekara 12, inda ake haɗa ƙwallo da karatun aji, bai fara buga wasa a Denmak ba sai 2018 da ya kai 18. Saboda haka duk dillalin da ya zo wa uba da maganar kai ɗan shekara 15 Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi, a rufe ƙofa. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan kuɗin tafiyarsa.

Abin da iyaye za su duba kafin su miƙa yaro

Ko a manyan akadamin Ingila, masu filaye da likitoci, 'yan kaɗan ne ƙwarai daga cikin yaran da ake ɗauka suke ƙarewa suna cin abinci da ƙwallo. Don haka akadamin da ta ce a cire yaro daga makaranta don ya “mai da hankali” ta ɗora rayuwarsa a kan abin da ita kanta ba ta da iko da shi.

Uba ko uwa su je filin da kansu sau ɗaya, su tsaya daga farko har ƙarshe. Su ƙirga ƙwallaye da yara. Su ga ko ana tsayawa shan ruwa, ko akwai akwatin agajin gaggawa da wanda ya iya amfani da shi, ko an raba yara bisa shekaru. Su tambayi koci lasisinsa da takardar rajistar ƙungiya, su nemi ganin katin rajistar ɗansu su duba ranar haihuwar da aka rubuta. Su tambaya wa ke kwana da yaran in an yi tafiya gasa, domin bai kamata babba ɗaya ya keɓe da yaro ba, kuma ƙungiyar 'yan mata ta kasance da mace a cikin masu kula da ita. In kuma sun gamsu, su biya kuɗin wata a kan lokaci, ko da kaɗan ne, su kuma nemi rasit. Kocin da ke da abin shiga duk wata daga iyaye 30 zai iya tara kuɗin kwas ɗin lasisin D, ya sayi ƙwallaye, ya kuma ajiye mai ciwon gwiwa na mako shida ba tare da tunanin abin da zai ci ba.